Rabin Juyi

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau Malam ya sa aka sauko da gangunansa daga saman rufin shago. Duk shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa ganin su a fili ba, na dai san suna can sama cikin buhuna. Gangunan turawa ne masu ƙafafun ƙarfe: babba guda da ake bugawa da ƙafa, ƙanana uku, da faya-fayan tagulla biyu. Ya ce a hannun wani ɗan Ghana ya saye su, lokacin da yake kiɗa a kulob ɗin ma'aikatan dam. Zaidu Mai Jaz ake ce masa a lokacin, Allah ya yafe mini rubuta sunan. Ni ban san wannan mutumin ba. Wanda aka ba ni bakaniken injin jirgin ruwa ne, don Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce ba ya ba makaɗi ɗiyarsa sai ya ajiye. Ya kuwa ajiye.

Tsatsa ta cinye ƙarfen. Ɓeraye sun cinye fatun.

Ya ce zai gyara su kafin bikin autarmu Hamdiyya, wata mai kamawa. "Na yi wa ɗiyan mutane kiɗa tun daga Bussa har Kwantagora. Tawa ce za ta fita shiru kamar an fita da gawa?" Hannunsa na dama kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara ko cokali bai ɗaga ba. Na ce, Malam, da wane hannun? Sai ya dubi nawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun fara. Shi yana kan kujera da sandar kiɗa a hannun hagu, ni ina ƙasa kan tabarma da filaya. Kowace ganga tana da zoben ƙarfe da ke danne fata, da dogayen notuna masu jan zoben, da wasu 'yan ƙarafa a jikin katakon da notunan ke shiga, shi yana ce musu kunnuwa. Akwai ɗan makulli da ake juya notunan da shi, bai kai tsawon yatsa ba. Ashe duk shekarun nan yana cikin aljihun jakar takardunsa.

Sai an ɗiga kananzir a kowane noti, a bar shi ya sha, sannan a gwada. In ya ƙi, a ƙara, a jira. Ni ban sani ba, na sa ƙarfi. Sandar ta sauka a bayan hannuna. "Ba wuyan kaza ba ne, Malama." Haka yake ce mini in zai yi ba'a, da bakin nan nasa da ya karkace.

Na yi ta tunani ko halas ne abin da nake yi. Na ga dai tsatsa nake cirewa, kuma umarnin miji ne. Kafin matan da nake ɗora wa karatu su zo da la'asar na lulluɓe komai da tabarma. Wata ta ce gidan yana warin kananzir. Na ce e, yana yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na yi ɓarna ban sani ba. Yana barcin hantsi na ga faya-fayan tagullar nan sun yi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Na ce bari in faranta masa. Na jiƙa tsamiya, na samo toka da soson ƙarfe, na dirje babban har sai da na ga fuskata a ciki.

Ya fito ya gani. Ya sa na riƙe masa a kan yatsa ya ɗan doka gefen. Ya ce baƙin nan shi ne muryarsa, shekaru ne suka tara shi, kuma akwai tambarin maƙerin a jiki, na goge. "Komi kika taɓa sai kin wanke shi har ya mutu. Haka kika yi da ni."

Na kwashe tokar da soson na kai madafa. Tuwon dare ma ya ce a ɗauke, wai yana jin ɗanɗanon toka.

Laraba, 16 ga Afrilu

Farcena biyu sun tsage. In na yi alwala sai ruwan ya yi ta zagaye man da ke yatsuna, sai na maimaita.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Hamdiyya ta same ni a madafa ta ja ƙofa. Almustapha, wanda za ta aura, ɗan gidan malamai ne a Shanga, mahaifinsa ke jan salla a unguwarsu. Da suka yi bincike, bakanike aka ce musu, kuma gaskiya aka faɗa.

Ta ce, "Inna, ki dube shi fa. Miyau na zuba, baki a karkace, ya zauna gaban gwaggannin Almustapha yana dukan gwangwani. Har in mutu ɗiyar makaɗi za a ce mini a gidan nan. Ɗiyana ma haka."

Na ce mahaifinki ne, ki sassauta harshe.

Ta ce ai ni ke riƙe da notunan. In jefa guda uku a masai, magana ta ƙare, tunda shi da kansa ya ce ba a samun irin su. Na ce amana ce ya ba ni, ba na cin amana. Ta yi wata 'yar dariya, irin tasa sak. "To ki riƙe amanar ƙarfe, ki saki tawa."

Abin da ban gaya mata ba, ni ma na hango shi a gaban matan nan yadda ta faɗa.

Talata, 22 ga Afrilu

Noti ɗaya ya karye a cikin kunne. Ba ni na karya ba, tsatsa ce ta ci shi har tsakiya. Ya aike ni layin masu kayan babur da guntun a ƙulle cikin leda. Kowa ya gwada nasa ya ce zaren bai hau ba, wai irin na da ne. Na dawo da rana tsaka hannu wofi. Ya ce da ma ya san ba za a samu ba, yana so ne in gani da idona abin da nake wasa da shi. Sannan ya sa na cire guda daga ƙaramar gangar da ya ce ba zai yi amfani da ita ba. Tun da safe ya san haka za a yi.

Da yamma muka koma kan fedar babbar ganga, abin da ake takawa ya ɗaga ɗan guduma ya doki fata. Sifirin ɗinta, naɗaɗɗiyar wayar da ke dawo da gudumar, ya mutu. Ya sa na tono wani daga tarkacen injin jirgi da ke bayan ɗaki, na datse shi da filaya, na lanƙwasa bakin yadda ya ce. Sau da yawa yana tsalle ya ɓace cikin yashi, ni ce mai rarrafe. Da ya shiga, ya ɗora ƙafarsa ta hagu ya taka. Gudumar ta tafi ta dawo. Ba fata tukuna, iska kawai take duka, amma ya yi ta takawa yana kallo.

Ya ce, ba da ni yake ba, "Tsohon nan ya ce in zaɓa. Da na san abin da ke cikin buhun da na zaɓa."

Baba yake nufi. Buhun kuma ni.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya'u, ƙanen Malam, ya zo daga Wara. Shi zai ba da auren, kamar yadda aka saba, uba ba ya ba da ɗiyarsa da kansa. An tsayar ranar Juma'a tara ga Mayu a ɗaura a ƙofar gidansa can, Asabar a dawo da amarya nan Yelwa a yi wuni, uba ya yi mata faɗa, da yamma dangin miji su ɗauke ta. A wunin nan ne Malam zai yi kiɗansa.

Da Ya'u zai tafi na raka shi zaure, Hamdiyya ta biyo mu. Ashe ta riga ta kai masa kuka ta waya. Ya ce ya yi wa yayansa magana, an kore shi da sanda. Ya ce shi dai bai ga dabara ba.

Ni ce na yi magana. A hankali na faɗa, kamar yadda nake faɗin komai. Na ce ai ba farilla ba ne amarya ta dawo gidan uba. In dangin miji sun zo ɗaurin aure da motocinsu, me zai hana a miƙa musu ita tun a can.

Ya'u ya dube ni. Ya ce, "Shi fa? Wa zai gaya mai?" Na ce ba wanda zai yi masa ƙarya. Ba dai za a faɗa ba.

Hamdiyya ta rungume ni. Jikinta da ɗumi, nawa kuwa ban ji komai ba.

Talata, 29 ga Afrilu

An kawo fatun akuya daga wurin majemi. Mun jiƙa, mun naɗe a zobe, mun ɗora wa ɗaya daga ƙananan gangunan, mai wayoyi a ƙasa. Yau ya koya mini ɗauri. Ba a bin notuna a jere. In ka juya wannan, sai ka tsallaka ka juya wanda ke kallonsa, rabin juyi kawai, sannan ka koma gefe ka sake tsallakawa. In ka cika wa ɗaya, zoben ya karkace, fata ta yage. Bayan kowane zagaye sai a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa kusa da kowane noti, a saurara, a ji wanda muryarsa ta yi ƙasa.

Da farko duk ɗaya nake ji. Can sai na ce, wannan na wajen randa kamar bai kai ba. Ya ɗaga sanda, na janye hannu. Ashe nuna mini zai yi in ƙara. Ya ce, "Ashe akwai kunne a ƙarƙashin hijabin."

Ita ce magana mafi daɗi da ya gaya mini tun ciwonsa. Ban so ya faɗe ta yau ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ya ce, "Asabar ta sama war haka gidan nan ya cika." Na ce Allah ya kai mu. Na auna maganar bayan salla, ban ga ƙarya a cikinta ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

An gama. Na goge ƙafafun da baƙin mai, na sa giris a feda. Ya sa na kafa su a ɗaki na rufe taga ya gwada. Ƙafar hagu tana yi, hannun hagu yana yi, amma ba sa haɗuwa. Ya sa na ɗaura masa sanda a hannun dama da tsumma. Hannun ya faɗo kan fata kamar kifin da aka jefa a jirgi.

Ya ce kafin Asabar hannun zai dawo. Ya aika wa Tamada, tsohon abokinsa mai busa begila, cewa ya zo da abin busarsa.

Ya tambaye ni ina masu girki, bai ga an kawo itace ba. Na ce matar Ya'u ta ɗauki nauyin girki. Ta kuwa ɗauka.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hamdiyya ta tafi Wara da ƙawayenta. Ta shiga ta durƙusa ta ce, Baba za mu tafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ko za ta yi kuka ya gane. Ba ta yi ba. Ya ce faɗan da zai yi mata ya ajiye sai jibi, yanzu ta je kawai. Ya ce akwai wani kiɗa da ya tanada tun tana ciki, ba wanda ya taɓa ji. Ta ce to, Baba. Tana duba wayarta a ƙarƙashin mayafi.

Akwatunanta ta ƙofar baya aka fitar.

Juma'a, 9 ga Mayu

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Ya'u ya bugo, Malam ya yi ta alhamdu lillahi.

Daga Wara zuwa Shanga dole sai an ratsa Yelwa, ban yi wannan tunanin ba sai yau. Bayan la'asar muna tsakar gida, yana sa ni ina matsar da babbar ganga ƙarƙashin mangwaro don ya ga inda inuwa za ta kai gobe, sai ga ham ɗin motoci daga babban titi, a jere, da guɗa. Sun daɗe suna wucewa. Ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Wani ma yana kai tasa. Ji fa, ko ganga ɗaya babu. Matsiyata."

Ina riƙe da ƙafar ganga. Na ce a nan za a bar ta ko a ƙara matsawa.

Asabar, 10 ga Mayu

Tun da hantsi ya sa na yi masa wanka, na sa masa farar shaddarsa, na karya masa hula. Na kafa gangunan, na shimfiɗa tabarmi duk da ke gidan, har na maƙwabta ya sa na aro. Na aro. Ya zauna a bayan gangunan da tawul a kafaɗa saboda miyau. Duk wanda ya taɓa ƙofar zaure sai ya gyara zama. Mai ruwa ne. Sannan akuya.

Wajen azahar Tamada ya yi sallama, da sandarsa, hannu wofi. Malam ya ce, "Kai tsohon banza, ina begilar?"

Tamada ya dubi tabarmi, ya dubi gangunan, ya dube ni. Ya ce, "Zaidu, wa za mu busa wa? Amarya ai a Shanga ta kwana. Da idona na ga an sa ta mota a Wara. Barka na zo yi maka. Na ɗauka ka sani."

Bai daɗe ba ya tafi. Ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Ya ce dabarar wa. Da na ce ta Ya'u, da ya yarda. Na ce tawa ce. Ya ce, "Kina ɗaura fata kina sane." Na ce e. Na ce amma ban taɓa yi maka ƙarya ba, Malam. Ya ce, "A'a. Ke ai ba ki ƙarya."

Sai ya nuna mini tabarmar tsakiya ya ce in zauna, tunda ni na gyara ni zan ji. Na zauna ni kaɗai a tsakiyar tabarmin nan duka. Ya fara. Ƙafa ta tafi gabas, hannu ya tafi yamma. Sandar ta kuɓuce, ya ce ɗauko. Na ɗauko na koma na zauna. Ta sake faɗuwa. Ɗauko. Miyau ya sauko kan shaddar, na tashi zan goge, ya ce zauna. Yara suka hau katanga, ina jin suna dariya ƙasa-ƙasa. Duk abin da Hamdiyya ta ce za a gani, shi na gani, ba ragi. Gaskiyarta ne.

Amma akwai wani wuri, gajere, da ƙafar da hannun suka haɗu. Wani abu ne mai tafiya kamar jirgi in ya bar gaɓa ya samu ruwa mai zurfi. Kafin in gama jin sa ya watse. Ya neme shi, ya sake nema, bai dawo ba.

Aka kira la'asar ya daina. Na mayar wa maƙwabta tabarminsu. Matar gidan ta ce an tashi lafiya? Na ce lafiya lau.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ya ce in kwance komai. Na kwance, kuma sai da na kusa gamawa na lura tsallake nake yi, rabin juyi rabin juyi, alhali ba wanda ya ce. Ya ce katakon a sa a murhu. Ƙarafan in kai wa masu narka dalma su zuba mini tukunya. "Ita kika iya wankewa."

Daga nan bai ƙara yi mini magana ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

In na kai abinci sai ya juya fuska bango, in na fita ya ci. Haka wanka, haka magani, kamar gawa nake juyawa. Hamdiyya ta bugo, murya wasai, wai surukarta ta ce ba ta taɓa ganin biki mai natsuwa irin nata ba, an ga tarbiyyar ɗiyar malama. Ta ce in gaishe da Baba. Ban isar ba, bai kuwa tambaya ba.

Talata, 27 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai shekaranjiya, har ƙasan ƙofa ya jiƙe. Ban kai ƙarafan ba tukuna, hanyar maƙera ta yi taɓo. Suna cikin tsohon gwangwanin madara, na zuba musu baƙin mai, don ko tukunya za a yi ai gara a kai su ba tsatsa. Katakon kuma itacen da muke da shi bai ƙare ba.

Fatar ƙaramar ce na ga ta fara nannaɗewa saboda danshi, kuma ɓarna ce a bar fata ta lalace, dabba aka yanka. Shi ya sa na mayar da ita kan zobenta bayan matan karatu sun tafi. Notunan kuma sai an sa su zoben ke zama. Makullin yana ƙulle a bakin zanena, don kada ya ɓata ne.

Wayata ta yi ta ƙara a kan turmi. Na ga sunan Hamdiyya. Hannuna da mai, na bar ta ta gama.

Na zagaya da yatsa kusa da kowane noti, a hankali ƙwarai. Wannan ba kiɗa ba ne, gwaji ne. Ɗakinsa a rufe, na ɗauka barci yake.

Sai na ji daga ciki, da muryar nan mai nauyi, ba suna, ba komai: "Na wajen ƙofa bai kai ba."

Na riga na ji tun kafin ya faɗa. Na ƙara masa rabin juyi.